Bikon Baƙa

Yaran yanzu in suka ce ƙwallo, wannan kumburarriyar aba suke nufi, wadda ake hura wa iska da famfon keke ana bin ta da ƙafa. La'asar sakaliya sai ka gan su a filin lakwal, makarantar boko ke nan, kowa da rigarsa mai lamba a baya da sunan wani ƙato da bai san da zamansu a duniya ba, suna ihu suna zagin juna da Faransanci. Ni dai in na zo wucewa nakan sunkuyar da kai in ƙara sauri, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Ba wasan na tsana ba. Kalmar ce take sukana. A zamaninmu ƙwallo ɗaya ne, ƙwallon goriba, ƙodagon nan da ke saura bayan an gwaigwaye bayan, kuma ba da ƙafa ake taɓa shi ba, da sanda ake korarsa. Duk garin nan yau, in ka cire ni da wasu tsofaffi da ido ya riga ya tafi, babu wanda ya san an taɓa yin wannan wasa. Kada kuma wani ya ce mantuwa ce ta ci shi. Mu muka rufe bakinmu da gangan, saboda kunya.

Sandar wasan kwagiri muke ce mata, mai lanƙwasasshen kai. Ba a sayen kwagiri a kasuwa, ba a kuma aronsa. Ranar da aka gama shuka saurayi zai shiga daji ya zaɓi reshen geza mai ɗan kauri, ya lanƙwasa kansa a hankali, ya ɗaure da igiyar kaba. Ba sarewa za ka yi ba, a jikin uwarsa za ka bar shi ya sha damina a lanƙwashe. Duk ran da ka tashi daga noma sai ka bi ta wurin ka ƙara jan igiyar kaɗan. Mai gaggawa ya ja da yawa, reshe ya tsage, ya koma gida yana ƙunƙuni, shekarar nan kuwa sai dai ya yi kallo. Kowa ya san reshen kowa, kuma ban taɓa jin an kwance wa wani nasa ba, duk da irin tsiyar da muke yi wa juna. Sai an yanke gero sannan a sare shi, a babbake shi sama-sama a wuta, a kankare, a yi ta shafa masa man gyaɗa har ya yi ja. Yau ka ce wa yaro ya jira abin wasa damina guda, ai sai ya ɗauka taɓin hankali ya kama ka.

Wurin wasan fako ne, farin filin nan mai tauri da ke gabas da gari, wanda ko ƙaya ba ta son fitowa a kansa. Amma kafin ka taka shi sai ka sauke nauyin gida: ka shayar da jaki, ka ɗora harawa a kan bishiya, ka kwaso sauran dammunan gero daga gona. Kana cikin aikin kana jiyo ƙwas, ƙwas daga nesa, ƙarar sanda a kan ƙodago, tana haɗuwa da luguden mata a cikin gari, kai kuwa kana zagin jakin a ranka don ya ƙi shan ruwa da sauri. Akwai wani tsohon maƙeri da hannu ya daina riƙe masaba, kullum yana bakin fako a kan buzunsa, aikinsa kenan ihu: a yi ƙasa da sanda, kan mutum ba ƙodago ba ne. Wa ke jinsa? Ƙwaurina har yau in ka shafa za ka ji shi gargada-gargada. Inna takan gasa mini shi da ruwan zafi tana faɗa, wai tun da ƙodago ne ya haife ni, in koma wurinsa ya ba ni tuwo. Yanzu yaro ya ɗan goge gwiwa a filin lakwal sai a ɗora shi a moto, babur ɗin nan, a yi likita da shi.

Wannan duk wasan yau da kullum ne. Babban wasa shi ne na Baƙa. In ka ratsa fakon ka ɗan gangara, akwai wani gari da ba zan kama sunansa ba, kamar yadda ban kama namu ba. Kasuwarmu ɗaya da su, rabin kawunnanmu can suke, 'yan matansu nan suke aure. Tsakaninmu da su akwai wani ƙodago guda wanda kakana ma ya ce haka ya tashi ya tarar da shi. Ya sha mai ya sha sanda har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, da zane uku a gefe waɗanda wani maƙerin dā ya yi masa da jan ƙarfe. Ba a ce masa shi. Baƙa ake cewa, kuma kamar mace ake maganarta. Garin da ya ci wasa, wurinsa take zama shekara, cikin ɗan gora a rataye a rumbun sarkin samari. Garin da aka ci kuwa sai a ce matarsu ta yi yaji. In kaka ta zagayo dole su taso da makaɗinsu har ƙofar garin da take, su durƙusa kamar surukai, su ce sun zo biko. Masu riƙe da ita su yi ta ja musu rai: ta ce ba ta komawa, miyarku ba gishiri; ta ce ɗakinku yoyo yake yi. A sha dariya, 'yan mata su kawo fura, a ƙarshe a sa ranar wasa.

Ranar wasa, bayan azahar, ana ajiye ta gindin wani gawo da ke daidai rabin hanya, inda tsofaffin garuruwan biyu suke shimfiɗa tabarminsu. Babu raga, babu alƙali mai usur, babu hutu. Kowane gari ƙoƙarinsa ya kora ta gida, mu zuwa rijiyar da ke ƙofar garinmu, su zuwa tsamiyar da ke ƙofar nasu. Ta kan fako ake bi, ta cikin kututturan gero, ta cikin gonakin gyaɗa da aka riga aka cire, ganguna suna binku, mata suna guɗa daga gefe. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: Baƙa ba ta tafiya a hannu. A cikin gida a ɗauke ta, a shafa mata mai, a mayar cikin gora, wannan babu laifi. Amma daga ƙofar gari zuwa ƙofar gari sanda ce kawai ke taɓa ta. Ko fito da ita za a yi zuwa gindin gawo, mirgina ta ake yi da kwagiri. Tsofaffi suna cewa ran da ta shiga gari a hannun mutum, ran nan garin ya gama zama gari.

Sarkin samarinmu a lokacin wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya nake ce masa, ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba yau zan fara ba. Dogo ne, ba ya son surutu, in ya yi fushi shiru yake yi, kuma shirunsa ya fi zagi ciwo. Tun da aka ba shi sarauta Baƙa ba ta kwana a waje ba, shekara da shekaru tana rumbunsa, har muka fara ganin kamar gadonmu ce. Sarkin samarin wancan gari kuwa Bahago ake ce masa, gajere mai gwame, bakinsa ba ya hutawa. Da hagu yake bugu, sai kana tsaron dama ka ji ta wuce ta inda ba ka zata ba. Shi da Yaya in suka haɗu a fili kamar za su kashe juna, in an tashi kuwa ƙwarya ɗaya suke shan fura.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar Damagaram ya san irinta. Gonar da muke kwana da kwanaki muna jigilarta, jaki ɗaya ya kwashe ta a sawu guda. Tun kaka ba ta yi nisa ba aka koma cin anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, da ganyen tafasa, ana dakan ɓawon goriba ana damawa. Lugude ya ɗauke a gari, sai ka wuni ba ka ji taɓarya ba. Cikin haka labari ya zo daga kasuwar Magariya cewa gwamnati tana aiko da manyan motoci cike da dawa, an raba a gari kaza, an raba a gari kaza, kuma wanda motar ta tarar ba ya nan, shi kenan ya rasa. Daga ranar kunnen kowa ya koma kan hanya. Kullum da safe Inna sai ta ce mana duk inda muke, kome muke yi, in muka ji mota mu yar mu sheƙo. Ƙannenmu ƙanana suna kwance a gefenta, ko kuka ba su iya yi da ƙarfi.

Dattawa suka ce bana a bar wasa, wa ke da ƙarfin gudu? Sai ga mutanen gabas sun iso ƙofar gari da makaɗinsu, duk sun rame kamar mu, wuya ya yi tsawo, wando yana zamewa. Bahago ya durƙusa ya ce sun zo biko. Babu furar da za a ba su, ruwa aka kawo a ƙwarya, matan da suka kawo ma suna ɓoye fuska. Aka dubi Yaya. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an mayar da masu biko ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Aka sa rana.

Wasan ranar ba shi da hayaniya irin ta kullum. Numfashin mutane kawai kake ji da ƙarar sanda, guɗar ma sai jefi-jefi. Ka yi gudu kaɗan sai ka ga duhu-duhu a idonka. Duk da haka mun fi su. Muka kwace ta daga gindin gawo, suka mayar da mu, muka sake turawa, har rana ta karkata muka fito da ita kan fako sosai, ana hango itatuwan bakin rijiyarmu. Ina hannun daman Yaya, ya turo mini ita, wallahi har na ga zanen nan uku suna juyawa a gabana. Sai muka ji oda, ƙarar nan da direba ke dannawa a kauce masa. Odar babbar mota, doguwa, daga yamma da gari, ta hanyar Magariya. Mata suka fara watsewa. Daga bayana na ji sanda ta faɗi a kan fako, ƙwal, sai wata, sai wata. Wannan ƙara ita ce har yau take tashina daga gyangyaɗin rana.

“Ku tsaya,” in ji Yaya. “Saura kaɗan. Ku tsaya mu shigar da ita.”

Na dube shi, ya dube ni. Baƙa tana tsakanin ƙafafuna. Na saki kwagirina, na tuɓe riga ina gudu ina ƙulle hannayenta don in mayar da ita buhu.

Kamiyo ne kuwa, babbar motar kaya, tana tsaye a yammacin gari tana huci. Garin kaf ya rufe ta, maza tsirara daga ƙugu zuwa sama riƙe da riguna, mata da ƙore da kwanduna, tsofaffi suna jan gindi suna a taimaka musu. Direban ya tsorata ya haye kan motar yana ɗaga hannu. Ruwa yake nema. Dungas za shi, injin ya yi zafi, ya danna oda ne don wani ya fito masa da guga. Wani daga cikinmu ya kama ƙarfe ya leƙa baya. Babu kome sai tamfol a naɗe da yaron mota yana barci a kai. Babu wanda ya yi dariya. Mu ɗin nan dai muka je muka jawo masa ruwan, ya zuba, ya yi godiya, ya tafi. Na kwance ƙullin rigata na mayar da ita jikina, ban iya duban na kusa da ni ba.

Abin da ya faru a fako bayanmu, tsofaffin gindin gawo ne suka ba mu labari, su ma da kyar. Mutanen gabas ko ɗaya bai motsa ba. Suka tsaya cirko-cirko, sandunanmu a warwatse a gabansu, Yaya shi kaɗai a tsakiya. Bahago ya dogara da kwagirinsa ya ce a dakata har mu dawo. Yaya ya ce babu dakatawa a dokar Baƙa, a buga. Suka buga. Shi ɗaya da gari guda. Ba su yi gudu ba, ba su yi ihu ba, tafiya suka yi da ita suna miƙa wa juna a hankali, makaɗinsu ya saƙale ganga a hammata bai taɓa ta ba. Yaya yana binsu yana kai sanda, a ture shi ya tashi, har gindin tsamiyarsu. Rana tana faɗuwa ya dawo, ƙwaurinsa a fashe, ya ratsa ta cikin sandunanmu bai dubi ko ɗaya ba. Inna ta ajiye masa anza, ya ci, ya shige ɗakinsa.

Shekarar da ta biyo Allah ya ba da damina, rumbuna suka cika, lugude ya dawo. Kaka ta yi, lokacin biko ya zo. Dattawa suka aika wa Yaya ya tara samari. Amsarsa gajera ce, kuma a dandali ya faɗe ta kowa yana ji.

“Ni ban yar da sanda ba. Wanda ya yar, shi zai zo ya dube ni ya ce a tafi biko. Mutum ɗaya ya ishe ni.”

Mutum ɗaya fa. Kowa ya zuba ido wani ya fara, kuma na san duk ni suke jira, tun da ni ne ƙaninsa, ni ne kuma ya turo wa ita. Gida ɗaya muke, akushi ɗaya muke sa hannu. Sau nawa na shirya maganar tun daga gona, na tauna ta, na gyara ta, in zo in zauna gabansa, idona ya sauka kan tabon ƙwaurinsa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko an ɗaure jaki. Ya ce an ɗaure. Kakar ta wuce. Na ce baɗi. Baɗi ta zo maganar ta ƙara nauyi, don yanzu har da kunyar bara a kanta. Haka muka yi ta tarawa, ni da tsararrakina, har muka yi aure muka haifi 'ya'ya.

A kasuwa kuwa mun samu suna. 'Yan oda. Kana cinikin gishiri sai ka ji wani ya toshe hanci a bayanka ya yi kukan mota, rumfa ta kwashe da dariya. Tir! Akwai samarinmu da suka daina cin kasuwar gaba ɗaya, suka gwammace su bi rana har kasuwar Kwaya. A cikin gari sandunan suka bi wuta, wasu aka yi ƙota da su. Yaro ya tsinci ƙodago ya buga da kara, sai ya ji mari daga sama, bai san laifinsa ba, wanda ya mare shi kuma ba zai faɗa masa ba. Ni ma na mari nawa. Mutanen gabas suka yi 'yan shekaru suna bugawa tsakaninsu, amma wasan da babu abokin karawa ina daɗinsa? Su ma suka bari. Daga nan cirani ya kwashe samari, aka gina lakwal, wani mushe, malamin lakwal ɗin, ya zo da ƙwallon iska a bayan kekensa, yara suka bi shi, har sunan ma ya koma can.

Da Yaya ya rasu muka hau rumbunsa za mu gyara jinka. A can sama, ƙarƙashin ciyawa, muka tarar da sanduna a jere, duk an babbake an shafa mai, babu wadda kanta ya taɓa ƙasa. Ashe duk shekara yana zuwa ya ɗaure reshensa, ya sare da kaka, ya zauna yana jiranmu. Ɗan goran Baƙa ma yana nan a rataye, wofi. 'Ya'yansa suka tambaye ni na mene ne waɗannan. Na ce ƙotoci ne yake tarawa. Bahago ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure ya yi kuka kamar yaro, ni kuwa na yi ta kai da kawo da buta don kada mu haɗa ido.

Haka na yi ta kauce masa har muka tsufa. Sai bazarar da ta wuce, a kasuwar Dogo-Dogo, ina neman igiyar akuya, na sunkuya gaban wani tsoho mai tallar igiya ban lura ba. Na ɗago kenan ya cafke mini hannu, da hagu.

“Ɗan oda, zauna. Yau kam ba ka tsere mini.”

Na zauna. Bahago ne. Haƙoransa sun zube, amma bakin yana nan yadda na san shi. Ya ce ya gaji da riƙon matar mutane, duk kaka sai ya fito da ita ya shafa mata mai, har 'ya'yansa suna cewa tsoho ya fara ruɗewa. Sai ya murza igiya a cinya, ya rage murya.

“Bari in gaya maka abin da ban gaya wa wanka ba. Ran nan mu ma anza muka ci muka fito. Da a ƙofar garinmu motar nan ta yi oda, wallahi ni zan riga kowa gudu.”

Shekarun nan duka ina jin su wasu irin mutane ne da Allah ya yi da ƙarfe. Hawaye ya zubo mini a tsakiyar kasuwa, na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido. Ya ce in zo biko, ko ni kaɗai ne. Shi zai mirgino ta gindin gawo, ya yi kamar yana ƙoƙari, ni kuwa in lallaɓa ta har rijiya, tsofaffi biyu wa zai hana su haukarsu? Na ce bana in Allah ya kai mu kaka. Ya ce amma fa sai na durƙusa a ƙofar garinsu, wannan bai yafe ba, kuma ya riga ya tanadi abin da zai ce game da miyarmu.

Ruwa na sauka na shiga neman geza. Ina dajin? Gonaki sun cinye shi, abin da ya rage mata sun sare sun hura wuta. Da kyar na samu wata a kan iyakar gonata, ta tsira don tana cikin ƙaya. Na lanƙwasa reshe na ɗaure, ashe hannuna bai manta ba. Duk 'yan kwanaki sai in saɓa fartanya in ce zan duba wake. Ɗana yana faɗa wai in zauna in huta, waken ba gudu zai yi ba. Ban gaya masa ba. Na ce sai ranar da na shigo da ita, in tara su bakin rijiya in ba su labarin tun daga farko, lokacin ina da bakin magana. Wallahi daminar nan na ji kaina kamar saurayi, har waƙar makaɗinmu ta dawo mini ina yinta a hanci.

An fara cin tumu aka aiko Bahago ya rasu. Zazzaɓin kwana kaɗan. Na je gaisuwa, na zauna cikin 'ya'yansa da jikokinsa, babu fuskar da na sani, na kasa buɗe baki in tambayi ƙodago a gidan mutuwa. Na dawo ina tunanin yadda zan ɓullo wa abin bayan an share makoki. Ashe shi ya riga ya bar wasiyya a kai Baƙa gidanmu. Ɗansa, mai gyaran wayar salula a Magariya, ya ƙulla ta a baƙar leda ya rataya a moto, ya biyo ta garinmu kan hanyarsa ta komawa. Ina gona ana ɗaurin gero. Ya ba matar ɗana, ya ce saƙon babansa ne, shi ma bai san na mene ne ba. Ta saƙale ledar a danga kusa da murhu, daidai saman tarin ƙodagon da take tsintowa tana haɗawa da kara saboda itace ya yi wuya. Akuya ta zo ta ja ledar. Da yamma yarinyar nan ta hura wuta ta tuƙa tuwon sabon gero, miyar kuka ta ji daddawa. Na ci, na yaba, har na nemi ƙari.

Da safe ina zaune a ƙofar ɗaki da ƙoƙon kunu sai ga ta ta zo ta durƙusa, yagaggiyar leda a hannu ɗaya, sakaina a ɗayan. Ta ce jiya an kawo mini saƙo daga gabas ta sha'afa, yanzu ta tuna ta duba tarin ba ta ga baƙin ba, sai ta tona toka. Ta miƙo sakainar. Rabi ya zama gawayi, ya dare biyu. A gefen da wuta ba ta gama ci ba, biyu daga cikin zanen suna nan.

“Baba, ka yafe mini. Mene ne shi? Ko magani ne?”

Yarinyar nan tun tana amarya take gidan nan, ga 'yarta ta fari har an fara zuwa zance wurinta. A gidan Yaya take kwana take tashi, kuma ba ta taɓa jin sunan Baƙa ba. Laifin wa? Na buɗe baki. Ta ina zan fara, ta odar, ko ta rigar da na ƙulle? Tana durƙushe tana jira, idonta ya cika da hawaye.

“Ba kome, 'yar nan,” na ce. “Ƙodago ne. Tashi ki kama aikinki.”

Ta tashi da sauƙin zuciya. Na juye abin a tafina, ya marmashe. A leda ta shigo garinmu, a bayan moto, a hannun wanda bai san ta ba, kuma ni da na yi shekara da shekaru ina cewa baɗi, tuwon da aka dafa da ita na ci har na suɗe hannu. Na kai tokar inda rumbun Yaya yake dā na tona na rufe. Ban yi addu'a ba, don ban san me zan roƙa ba.

Reshen kuwa na je na kwance masa igiya, ya ƙi miƙewa, ya riga ya kama. Na sare shi, na babbake, na shafa mai. Yanzu juya shi nake yi in riƙe lanƙwasar ina dogarawa, mutane suna cewa tsoho ya samu sanda mai kyau. Hanyar moto ta ratsa tsakiyar fako yanzu. Shekaranjiya ina tafe a kanta da la'asar, wani yaro ya taho a bayana ya danna mini oda, doguwa. Na tsaya cak, na damƙe sandar da hannu biyu.

“Baba, kauce mana. Ko ba ka ji oda ba ne?”

“Na ji,” na ce. “Tun ba a haifi ubanka ba na ji ta.”

Ya kewaye ni yana gunaguni a kan tsofaffi. Na tsaya nan tsakiyar fako har ƙarar motonsa ta ɓace, kwagiri yana hannuna, ban yar ba. Na duba gabas, na duba yamma. Babu Yaya, babu Bahago, babu ko mutum ɗaya da zan nuna wa.